Abin Da Ya Rage a Gwangwani

Su huɗu suka turo mota Lamba Bakwai daga bayan gareji, inda ta yi wata takwas a ƙarƙashin tamfol, kuma a cikinsu babu wanda ya yarda ya shiga ya riƙe sitiyari. Ta taga mai walda ya zura hannu yana karkata ta, yana bin ta a ƙasa, har ta hau kan ramin gyara. Agogo ya ɗauko weji biyu ya cusa wa taya gaba da baya, ya koma ya ƙaro na uku, alhali wurin a shimfiɗe yake, ko ƙwallo ka ajiye ba za ta gangara ba.

"Har uku?" in ji mai walda. "Mota za mu gyara ko zaki za mu yi wa aski?"

Damina ta matso, manaja ya ce kamfani ba zai bar lafiyayyar mota tana ruɓewa a bayan gida ba, tunda ban da gaban da ya lotse da fitila ɗaya da ta fashe, babu abin da ya same ta. A gyara ta a ba wani direba. Da ya zo faɗin wanda zai yi gyaran sai ya ɗan yi jim, ya ce in Agogo ba zai iya ba a ba wani, kowa zai fahimta. Agogo ya ce zai iya. Ba gaskiya ya faɗa ba, amma ya fi tsoron wani ya riga shi shiga ƙarƙashinta.

Shi ne babban bakanike a kamfanin, wanda ke haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, yana da motocin daji goma sha ɗaya, irin masu ja da tayoyi huɗu da ke ci gaba da tafiya bayan hanya ta ƙare. Ba don zuwa aiki a kan lokaci kaɗai aka sa masa Agogo ba, har da wani tsohon gwangwanin madara da yake aiki da shi. Duk noti, duk ƙusa, duk wani ɗan ƙarfen da ya kwance daga jikin mota, cikin gwangwanin nan yake faɗawa, kuma mota ba ta barin rami sai ya kife gwangwanin a tafin hannunsa ya ga wayam. Direbobi suna yi masa dariya a kan wannan, amma ranar da za su yi tafiyar kwana uku a daji, sai ka ga kowa yana kewaye-kewaye, yana so a ce Agogo ne zai duba tasa.

Lamba Bakwai motar Mantau ce, direba, mijin ƙanwar Agogo. Abokai ne tun kafin su zama surukai, Agogo ne ma ya fara kai shi gidansu, abin da ƙanwar tasa, Auta, ta sha cewa ba za ta taɓa yafe masa ba, tana dariya. Mantau bai ci sunansa a banza ba. Duk inda ya shiga sai ya bar wani abu nasa: hula a wurin mai shayi, tabarau a kan bonet, waya a kan katangar wurin wanka. Ya taɓa kai matarsa asibiti a babur, ya dawo gida shi kaɗai yana tambayar 'yarsu ina mamanta ta shiga.

Ranar da abin ya faru shi kaɗai ne a motar, zai je ɗauko masu haƙa daga wani ƙauye. Irin waɗannan motoci, kafin ka shiga laka sai ka sauko ka murɗa wani makulli da ke cibiyar kowace taya ta gaba, sannan tayoyi huɗun su ja tare. Ya tsaya a kan gangaren da ke sauka zuwa rafi, ya bar inji yana aiki, ya murɗa na gefe ɗaya, yana zagayawa ta gaban mota zai je ɗayan, sai motar ta biyo shi. Manoman da suka ji ƙara suka rugo, suka tarar ta matse shi a jikin wata bishiya, har ya cika. Garin neman yadda za su tura ta baya, suka taɓa duk abin da hannu ya kai gare shi a ciki. Saboda haka da mutanen kamfani suka iso, birkin hannu a sauke yake, kuma babu mai iya cewa haka aka same shi ko wani ne ya sauke. Ba a ma tsaya tambaya ba. Mutumin da ake kira Mantau, me kuma ya rage a bincika?

Kafin wata biyu sunan ya zama magana a harabar kamfanin. Direba na tsayawa sai ka ji wani ya ce, "Kai, kar ka yi Mantau." Ba da mugunta suke faɗa ba, har sababbin ɗauka da ba su taɓa ganinsa ba suna faɗa. A jikin bangon gareji manaja ya sa an rubuta da jan fenti, KA JA BIRKI? KA SA WEJI? Kullum Agogo ta ƙarƙashin rubutun nan yake wucewa zuwa wurin ajiye kayan aikinsa, kansa a ƙasa.

Da sauran masu turin motar suka watse, sai Agogo ya buɗe ƙofar direba. Zafin da ya daɗe a kulle ya fito ya bugi fuskarsa, da warin roba, da wani ɗan ƙanshin turaren da ya sani. Kujerar tana nan a matse gaba, daidai gajerun ƙafafun Mantau. A gaban sitiyari akwai wata 'yar takarda da aka manna da salatif, rana ta cinye tawadar amma tana karantuwa, rubutun Auta ne: Hula. Waya. Makulli. Birki. Mantau kan bi kalmomin nan da yatsa duk lokacin da zai sauka, yana karantawa da ƙarfi kamar ɗan firamare. Ukun farko fes suke. Ta ƙarshen ta yi baƙi da shatin yatsa, har takardar ta kusa hujewa a wurin.

Agogo bai zauna ba. Ya miƙa hannu daga waje ya ja birkin hannun. Lafiyayyen birki in ka ja shi yakan yi ƙas-ƙas sau shida ko bakwai ya cije, ka ji nauyin motar ya zo hannunka. Wannan kuwa ya yi ta tafiya, takwas, goma, goma sha huɗu, har ya kai ƙarshe bai riƙe komai ba. Ya san abin da zai ji tun kafin ya taɓa. Wata takwas ke nan yana jin wannan ƙas-ƙas ɗin a kunnensa, yana cin abinci, yana tsakiyar magana da mutane, kuma kullum ƙirgen ba ya tsayawa a bakwai.

Ya ɗauki fitila ya sauka cikin rami.

Wayar birkin tana reto, sabuwa fil, shi da kansa ya sa ta kwana biyu kafin abin ya faru. A ƙarshenta akwai ƙarfe mai kunne biyu, wanda ake haɗawa da hannun da ke matse birki, a zura ƙusa ta ratsa su. A bakin ƙusar kuma akwai 'yar ƙaramar huda, inda ake sa wani ɗan fil mai ƙafa biyu, a buɗe ƙafafun, don kada girgizar hanya ta sa ƙusar ta zare. Fil ɗin bai kai tsawon ashana ba. Ƙusar babu ita. Ya haska kunnuwan ƙarfen, ya ga ɗaya a miƙe, ɗaya kuwa ya tanƙware ya buɗe waje.

Ya daɗe yana kallon kunnen nan. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, ba ya buƙatar wani ya karanta masa. Da a ce ƙusar ta faɗi ne a hanya birki yana sauke, da kunnuwan biyu suna nan a miƙe. Kunne ba ya buɗewa haka sai in ƙusar ta riga ta zare rabi, aka ja birki da ƙarfi, nauyin mota duka ya hau kan kunne ɗaya. Zai riƙe na ɗan lokaci, daidai lokacin da mutum zai sauko ya murɗa makulli ɗaya, sannan ya saki. Mantau ya ja birkinsa, ya ji ya cije, kafin ya sauka.

Agogo ya sa hannu a aljihun ƙirjin rigar aikinsa. Ba sai ya lalaba ba, ya san inda yake.

Ranar da ya canza wayar, Mantau yana tsaye a bakin rami yana ba shi labarin 'yarsa, wadda ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, bakinsa ya ƙi rufuwa. Agogo yana fitowa daga rami, Mantau ya riga shi ɗaukar gwangwanin, ya kai kunnensa ya kaɗa.

"Ka ji, Yaya? Shiru kake ji. Yau dai ka hutar da kanka kifewar nan, ana jira na."

"Ba ni nan."

"Haba, Yaya Agogo. Motar da ka taɓa ai ko weji ba ta buƙata."

Suka yi dariya, Agogo ya karɓi gwangwanin ya ajiye a kan teburi. Sau ɗaya ke nan a rayuwarsa da bai kife shi ba. Sai da yamma, yana goge kayan aiki, ya ga fil ɗin manne a gindin gwangwanin, giris ya riƙe shi, shi ya sa bai yi ƙara ba. Motoci uku ya taɓa a ranar. Ya ce wa kansa wataƙila tsohon fil ne da ya cire ya sa sabo. Ya dai kira wayar Mantau sau ɗaya, aka ce ba a samunsa, ya riga ya shiga daji. Ya jefa fil ɗin a aljihu da niyyar zai sake kira da safe, da safen kuma wata mota ta kafe a hanya, ya tafi can. Shi ma ya manta.

Bayan an jawo motar an rufe ta da tamfol, tsakaninta da teburinsa taku ashirin ne. Ko wace rana ya so zai iya ɗaga tamfol ɗin ya leƙa, minti biyu ya ishe shi. Bai leƙa ba. Muddin bai leƙa ba, fil ɗin na iya zama na Lamba Uku ko na Lamba Tara.

"Ka mutu ne a ciki?" Mai walda ne ya tsugunna a bakin rami, ya ɗaga tabaran waldarsa sama. Da bai ji amsa ba sai ya sauko. Tare suka tsufa a garejin nan, shi ma ba yaro ba ne a harkar ƙarfe. Ya bi hasken fitila da ido, ya ga wayar, ya ga kunnen, sannan ya ga abin da ke tafin hannun Agogo.

"Karon da ta yi da bishiya ne ya fitar da ƙusar," ya ce a hankali.

"Karo ba ya buɗe kunne ɗaya ya bar ɗaya."

"Ni dai ban ga kunne ba. Ba ni shi in daddale, minti biyar, ka sa sabuwar ƙusa mu wuce wurin." Ya rage murya. "Wanda ya tafi ya tafi, Allah ya jiƙansa. Ba abin da zai dawo da shi. Kai kuwa ƙanwa ɗaya gare ka a duniya, kuma kai ne bangonta yanzu. Me za ka je ka tono?"

"Ya ja birkin," in ji Agogo.

"Na ji. To sai me? Shi kansa da yana nan cewa zai yi a bar maganar, ka san halinsa."

Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta fi yi wa Agogo ciwo. Da Mantau zai leƙo ramin nan yanzu, dariya zai yi ya ce, Yaya, laifi ɗaya a kan dubun da nake da su, ƙara min kawai, ba za a ma lura ba. Duk rayuwarsa haka ya yi ta ɗaukar laifin abin da ya ɓata, nasa da wanda ba nasa ba, don ya fi sauƙi ga kowa.

Agogo ya kwance ƙarfen mai kunne biyu daga jikin wayar, amma bai miƙa wa mai walda ba. Ya naɗe shi a tsumma ya sa a cikin akwatin kayansa ya kulle. Ya wanke hannu da sabulu har sau uku, ya gaya wa manaja zai fita, gobe da safe yana da magana da shi. Yana bakin ƙofa wata motar ta shigo daga daji, laka har saman taya. Direban ya tsaya, wani daga inuwa ya ce, "Kar ka yi Mantau." Aka ja birki. Ba da son ransa ba Agogo ya ƙirga, shida, ya cije.

A cikin bas bai ga komai na hanya ba. Tunanin Auta yake yi. Tun da aka yi rasuwar bai taɓa ganin ta yi kuka irin na mai kewa ba, fushi take yi. Ta cika ta yi fam, kuma wanda take fushin da shi ba ya nan balle ya ba ta haƙuri. Agogo yana zuwa duk mako ya gyara mata famfo ko ƙofa, ya zauna ya saurari faɗan da take yi wa mamaci, ya ce ta yi haƙuri. In zai tafi takan ce, "In ba don kai ba, Yaya, da ban san yadda zan yi ba." Duk ranar da ta faɗi haka ba ya iya cin abincin dare.

Ya same ta a kan keken ɗinki a tsakar gida, rana ta fara sanyi. Ta ɗago da mamaki.

"Yaya? Yau ba ranarka ba ce. Lafiya dai?"

"Lafiya. Ina 'yar tawa?"

"Tana makaranta. Kar ma ka tuna min da ita." Ta tsayar da keken. "Ka ga katinta na shiga aji can a kan taga? Sau uku ke nan tana manta shi a watan nan. Na ce mata jinin ubanki ne ke yawo a jikinki, ki ci gaba, haka ya yi ta yi, muna dariya, har ya manta da mu gaba ɗaya. Wai sai ta sa min kuka."

Ta tashi ta shimfiɗa masa tabarma a bakin ɗaki. A nan kan ɗan teburi akwai wani faranti da ya sani. Tun bayan rasuwar, kayan Mantau suke ta dawowa gida da kaɗan-kaɗan, kamar mutumin yana aiko da saƙo daga duk inda ya taɓa zama. Mai shayi ya kawo huluna biyu. Mai aski ya kawo tabarau. Wani mai faci daga wani gari ya aiko da tocila. Auta ba ta zubar ba, ba ta kuma adana ba, tana tara su ne a farantin nan, inda za ta riƙa ganinsu tana ƙara jin haushi.

"Shekaranjiya ma an kawo lema," ta ce. "Lema, Yaya. Na yi ta nemanta bara, ya rantse min bai fita da ita ba." Ta yi tsaki. "Kalma huɗu na rubuta wa abokin nan naka. Huɗu kacal, na manna masa a gaban idonsa. Hula ya manta, na ce ba komai. Waya, ba komai. Amma wanda zai dawo min da shi gida, shi ma sai da ya manta? Ni abin da ke ci na ke nan. Bai ɗauke mu a bakin komai ba. Bari in kawo maka ruwa."

Ta shiga ciki. Agogo ya zauna yana kallon farantin. Ya ciro fil ɗin daga aljihu, wata takwas na gogar yatsa sun sa ya yi ƙyalli kamar sabo. Ya rasa inda zai sa shi, sai ya ajiye a bakin farantin, kusa da tabarau.

Ta dawo da kofi a hannu. Idonta na mai ɗinki ne, allura ma ba ta ɓace mata a ƙasa. Ta sunkuya ta duba.

"Wannan kuma a ina ya manta shi?"

Hanya ta buɗe masa, shimfiɗaɗɗiya. Ya ce a gareji, shi ke nan, ta yi tsaki, fil ya shige cikin huluna da tabarau, ya zauna a wurin har abada a cikin 'yan uwansa. Ya ji kamar Mantau yana tsaye a bayansa yana kaɗa gwangwani a kunne.

"Wannan ba mantuwarsa ba ce, Auta," ya ce. "Tawa ce. Na birkin motarsa ne, ni ne ban mayar ba." Ya yi ta maza ya ƙarasa. "Yau na shiga ƙarƙashinta na gani. Ya ja birkin. Ya ja shi da ƙarfi kafin ya sauka."

Ba ta yi ihu ba, ba ta saki kofin ba. Ta tsaya a inda take, tana kallon fil ɗin. A waje wani mai babur ya wuce, aka ji yara suna dawowa daga makaranta. Agogo ya jira ta zage shi, ya ma fi son haka.

"Ya ja?" ta ce.

"Ya ja."

Ta ajiye kofin a ƙasa, nesa da inda hannunsa zai kai. Ta zauna a bakin ƙofa, ta jawo farantin kan cinyarta, ta ɗauke fil ɗin da yatsu biyu ta ajiye masa a kan tabarma, a gabansa. Sannan ta ɗauki ɗaya daga cikin hulunan ta kaɗe mata ƙura, ta gyara mata kari.

"Wata takwas ina yi masa faɗa," ta ce.

Ba da Agogo take magana ba.